Mayen Ƙarfe Da Ajiyar Kayan Aiki

Babu gidan da ba shi da wuƙa. Uwargida tana yanka kuɓewa da ita. Mai lambu a Galmi yana yanke ganyen albasa da ita lokacin ɗiba. Ran babbar Salla kuwa wuƙaƙe sun fi yawa, kuma duk an wasa su. To, in an ƙare aiki, ina ake aje su? Sau da yawa a ƙasa, ko cikin ƙwarya, ko ƙarƙashin tabarma. Nan yaro mai rarrafe ke iske su. Nan kuma tsatsa ke cin su da damina.

Akwai dabara mai sauƙi ta gyara wannan. Ita ce aiki da mayen ƙarfe.

Mi ne ne mayen ƙarfe?

Wani abu ne mai jan ƙarfe zuwa gare shi, ya riƙe shi gam. Sunansa na littafi maganaɗisu, daga Larabci anka samo shi. Yana kama wuƙa, da allura, da almakashi, da ƙusa, da aska. Ba ya kama itace, ko roba, ko tagulla, ko azurfa, ko zinariya. Tukunyar alminiyum ma ba ya kama ta. Har cikin wuƙaƙen kanti masu ƙyalli akwai waɗanda ba ya kamawa sosai. Don haka a gwada tukuna.

Ina ake samun shi?

Ba sai an je nesa ba. A bayan kowace lasifikar rediyo akwai wani baƙin zobe mai nauyi. Shi ne mayen ƙarfe. Mai gyaran rediyo a kasuwar Ƙwanni, ko Malbaza, ko Illela ba ya rasa tsohuwar lasifika da ta mutu. Lasifikar ta bar magana, amma ƙarfin zoben yana nan.

Yadda ake kafa shi

Ka samu guntun katako. Ka liƙa zobe biyu ko uku a kai, ko ka ɗaure su da waya. Kada ka buga guduma a kan zoben, don yana fashewa kamar kasko. Sannan ka kafe katakon a bango da dogayen ƙusoshi. Ya kasance sama da kafaɗar babban mutum, inda yaro ba zai kai ba ko ya hau turmi.

Kada a kafa shi bisa murhu, zafi mai yawa yana rage mishi ƙarfi. Kada a kafa shi bisa wurin kwana ko wurin zama.

In za ka aje wuƙa, ka wanke ta, ka goge ta ta bushe. Ka fara ɗora bayanta, ba kaifin ba, don kada ta dakushe. Tsini ya dubi sama, ƙota ta dubi ƙasa. Ka ɗan girgiza katakon ka gani. In ta zame, ta fi ƙarfin zoben. Gatari, da adda, da hauya sun yi nauyi. Su a rataye su, ko a kulle su cikin ɗaki.

Masu sana'a ma suna cin amfaninsa. Tela ba ya ɓatar da allura cikin yashi. Mai gyaran babur ɗin kabu-kabu yana tara noti da ƙusa wuri guda. Mai dabbobi kuwa ya ɗaura zobe a igiya, ya ja shi cikin garke da tsakar gida. Zai yi mamakin ƙusa da waya da zai kwaso. Saniya takan haɗiye su tare da harawa, su huda mata tumbi. Mutum kuma in ya taka ƙusa cikin ƙasa da kashin dabbobi, yana iya kamuwa da tetanos, ciwon da ke ɗaure muƙamuƙi ya sandarar da jiki. Wanda ya taka ya wanke ciwon da ruwa da sabulu, ya tafi likita ran nan.

Bindiga fa?

A Amurka ana sayar da mayen ƙarfe na liƙa bindiga a bango ko ƙarƙashin tebur. Gaskiya ne zai kama ta, tunda bakinta ƙarfe ne. Amma, ƴan'uwa, mayen ƙarfe riƙo ya sani, bai san tsaro ba. Bai san hannun maigida ba, bai san hannun yaro ko na ɓarawo ba. Duk wanda ya ja, shi zai sakar wa.

Don haka mahalbi ya fidda abin da ke cikin bindigarsa kafin ya shigo gida. Ya sa ta akwati mai kwado. Albarushi da harsashi a kulle su wani wuri daban, nesa da wuta. Mabuɗi ya zauna jikinsa. Kuma a tuna, a Nijar doka ba ta yarda a riƙe bindiga ba sai da takardar izini. A shekarar 1994 gwamnati ta kafa hukuma ta musamman don karɓar makaman da ke hannun mutane ba bisa doka ba.

Hattara da ƙananansu

Tun shekarun 1980 anka ƙero wani irin mayen ƙarfe ƙarami, fari, mai ƙarfi ƙwarai. Ana samun shi cikin salula da kayan wasan yara. In yaro ya haɗiye biyu, suna iya manne wa juna cikin ciki, su huda hanji. Kada a jira sai ya fara kuka. A kai shi asibiti nan take. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Faɗi abu uku da mayen ƙarfe ke kamawa, da uku da ba ya kamawa.
2. Don mi ba a kafa shi bisa murhu?
3. Don mi bai dace da ajiyar bindiga ba?
4. Rubuta sunayen kayan aiki masu kaifi da ke gidanku, da inda ake aje kowane.