Jan Tumatir: Aya Ce, Kuma Amana Ce

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a cikin Suratu Faɗir, aya ta 27, Allah Maɗaukakin Sarki Ya jawo hankalinmu ga yadda Yake saukar da ruwa, Ya fitar da 'ya'yan itatuwa masu launi dabam-dabam. Darasinmu na wannan mako a kan launi guda ne daga cikinsu, watau jan tumatirin da ake kawowa daga fadamun Rima zuwa tukwanen Gidan Dahala da sauran unguwannin Sakkwato.

Masana kimiyya suna kiran abin da ke ba tumatir wannan ja da suna laikofin. Shi ne kuma ke cikin kankana da gwaba mai jan ciki. Jikin ɗan Adam ba ya ƙirar sa, sai dai ya samu daga abinci, yana kuwa cikin sinadaran da ke taimakawa wajen kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Ba ya narkewa a ruwa, sai a mai, saboda haka jiki ya fi cin moriyarsa idan an dafa tumatirin da ɗan mai, kamar yadda iyayenmu mata suke soya miya. Idan kuwa zafi ya haura digiri 30, laikofin ba ya haɗuwa sosai, sai tumatir ya nuna da rawaya-rawaya. Shi ya sa na lokacin ɗari ya fi ja. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya ƙaddara kome gwargwado.

To, da yake ja shi ne abin da mai saye yake dubawa, sai waɗansu 'yan kasuwa suka mai da shi abin yaudara: a jera jajaye a bakin kwando, a ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, mai tsira da aminci, ya sa hannunsa cikin tarin abinci ya ji danshi a ciki, ya tuhumi mai shi don bai sa jiƙaƙƙen a sama ba, ya kuma barranta daga mai algus. Hukuncin kwandon tumatir ke nan. Wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, ya ware baragurbi ya sayar da kuɗinsa.

Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa, amin.