Hannun Yaro Ma Makaranta Ne: Darasi a Kan Aikin Hannu da Kaya Iri-iri



Sau da yawa idan muka tarar da yaro ya tsuguna yana cuɗa yumɓu, ko yana feƙe kara domin ya ƙera mota, abin da yake fara fitowa daga bakinmu tsawa ce: ya tashi, ya wanke hannu, ya ɗauki littafi. Amma yaron da ya auna kara biyu domin su zo daidai ya riga ya shiga lissafi, wanda kuma tukunyarsa ta fashe ya sake ginawa ya koyi haƙuri. Idan muka hana 'ya'yanmu wannan, muka bar musu wayar hannu kaɗai, za su tashi suna kallon aikin wasu, ba su san daɗin yin nasu ba.

Mene ne aikin haɗa kaya?

Shi ne a haɗa abubuwa dabam-dabam, kamar yumɓu, kara, ƙyalle, takarda da launi, cikin aiki guda. Littafin Fitowa, sura 31, ya ba da labarin Bezalel, wanda Allah ya ba shi gwanintar aiki da zinariya, azurfa, tagulla, duwatsu da itace. A ƙasarmu kuma, daga 1947 zuwa 1954, Fada Kevin Carroll ya jagoranci wani wurin sana'a a Oye-Ekiti, a ƙasar Yarabawa, inda masassaƙa da masaƙa da masu ɗinkin duwatsun ado suka yi kayan Ikklisiya da abin da ƙasarsu take da shi. Ladi Kwali, wadda hotonta yake a takardar naira 20, tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a hannun 'yar'uwar iyayenta. Ashe rashin kuɗin sayen kayan kanti bai isa hujja ba.

Aikin makonni huɗu

A shekara ta 1223, Waliyyi Faransis na Assisi ya shirya komin dabbobi da ciyawa, da sa da jaki, a garin Greccio na Italiya, domin jama'a su ga talaucin da aka haifi Yesu a cikinsa. Muna ba malaman katikisma shawara su yi irin wannan da yara a makonni huɗu kafin Kirsimeti.

1. Mako na fari, tara kaya. Kowane yaro ya kawo abu ɗaya daga gida: karan dawa, tsohon kwali, guntayen atamfa daga wurin tela, sakaina, ciyawa ko zare.

2. Mako na biyu, ginin siffofi. A gauraya yumɓu da ɗan yashi ko ƙaiƙayi, a gina mutane da tumaki. A shanya su a inuwa, gama zafin rana yakan busar da bayan yumɓu tun cikinsa yana ɗanye, sai ya tsage.

3. Mako na uku, bukka da tufafi. A yi ginshiƙai da kara, a yi jinka da ciyawa, a ɗaura wa siffofin ƙyalle. Ƙaron da aka jiƙa ya kwana, ko dafaffen sitacin rogo, ya isa manne takarda da ƙyalle.

4. Mako na huɗu, launi da jerawa. Gawayi yana ba da baƙi, farar ƙasa fari, jar ƙasa ja, shuni kuma shuɗi. Idan aka zuba ɗan ruwan ƙaro a ciki, launin yakan kama sosai.

Gargaɗi ga malamai da iyaye

Na fari, reza da wuƙa su zauna a hannun babba. Kada a ba yaron da bai kai shekara 3 ba duwatsun ado ko ƙananan 'ya'yan itace, domin yana iya haɗiyewa. Kada a fasa tsohon batir don neman baƙin launi, akwai guba a ciki. A wanke hannu da sabulu bayan aiki.

Na biyu, kuma shi ne ya fi wuya: kada mu karɓe aikin daga hannun yaro. Idan jakinsa ya fi kama da akuya, mu bar shi, mu ce ya ba mu labarin jakin. Siffar da babba ya gyara tana iya fin kyau, amma abin da yaron ya koya a ranar shi ne hannunsa bai iya ba. Kada kuma mu yi gasar na ɗaya da na biyu. Aikin kowa ya sami wuri, har da na yaron da ba ya ƙoƙari a aji, gama sau da yawa a nan baiwarsa takan fito.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane aikin hannu muka koya muna yara, wanda 'ya'yanmu ba su sani ba?
2. Su wane ne maginan tukwane, teloli da kafintoci a Ikklisiyarmu da za mu roƙa su ba yara awa ɗaya ran Asabar?

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwan 'ya'yanmu. Amin.