Sunan da ke Jikin Tabarau Ba Ya Tare Rana

Aikina auna ido ne, kuma yawancin masu zama a kujerar da ke gabana daga Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa suke fitowa: manoma, 'yan acaɓa, masu walda, masuntan Tiga, da tsofaffin da jikoki ke ja wa sanda. Idan an gama awo, tambayar da samari suka fi yi mini ita ce, "Likita, wane gilashi ne orijinal?" Sai mai tambayar ya zaro nasa daga aljihun gaba, da tambarin Ray-Ban ko Gucci a kusurwa, yana so in ce masa bai yi asara ba. Dattawa kuwa ba su ma tambaya. A wurinsu baƙin tabarau kayan gayu ne, kuma ɗan mutunci ba ya gaida na gaba da shi ido a rufe. A kan gaisuwa ina tare da su: ka cire ka gaisa. Amma idan ka koma gona ko ka hau babur, ka mayar da abinka.

A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, ana kiransa ultrabayolet, a taƙaice UV. Ba ya yin ɓarnarsa rana ɗaya, tarawa yake yi shekara da shekaru. Abin da na fi gani a yankinmu shi ne naman nan da ke tsirowa a kan farin ido, galibi daga gefen hanci, yana rarrafawa zuwa baƙin ido. Rana da iska da ƙura ne ke ciyar da shi, kuma duk wanda ya san hanyar Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada da hunturu ya san ba mu rasa ko ɗaya daga cikin ukun ba. Idan naman ya hau tsakiyar baƙin ido, sai aiki. Kuma ko an cire, yakan sake tsirowa ga wanda ya koma rana ba kariya. Sai yanar ido. Tsufa ne babban dalilinta, babu gardama, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa hasken UV cikin abubuwan da ke gaggauta ta. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana noma daga hantsi zuwa la'asar ba daidai yake da mai zaman shago ba.

To, me ke tare wannan haske? Sinadarin da aka yi gilashin da shi, ko wanda aka shafa masa. Duhun gilashi ba ya cikin lissafi. Akwai fari tas da ke tare UV gaba ɗaya, akwai baƙi ƙirin da ke barin sa ya wuce. Na biyun ya fi rashin tabarau muni, domin ƙwayar ido tana buɗewa idan ta sami duhu, sai hasken ya sami ƙofa a wangale.

Tsada ma ba ta cikin lissafi, kuma a nan nake so samari su saurara. Wani ɗan Italiya, Leonardo Del Vecchio, ya kafa kamfanin Luxottica a 1961. Kamfanin ya sayi Ray-Ban a 1999, ya sayi Oakley a 2007, kuma shi ke ƙera tabaran da ke ɗauke da sunayen Prada, Chanel, Versace da Giorgio Armani bisa yarjejeniya da masu sunan. A 2018 ya haɗe da Essilor na Faransa, masu yin gilashin magani. Wato sunaye da yawa da kake gani kamar kishiyoyin juna, gida ɗaya suke kwana. Ray-Ban na gaske yakan haura dala 150. A juya wannan zuwa naira, a lissafa buhun masara nawa ne a kasuwar Doguwa. Ba na cewa kayansu ba su da kyau. Firam ɗinsu yana da ƙarko, gilashin ba ya saurin karcewa, ƙirar tana da kyan gani. Amma abin da ke tare UV shi ne mafi arha a cikin duk abin da ka biya. Robar da ake kira folikabonet, wadda ake yin tabaran kariya na ma'aikata da ita, tana tare kusan dukkan UV tun daga halittarta, ba tare da an shafa mata komai ba.

Maganar gaskiya ma, wanda ke aljihun yawancin samarinmu ba na Italiya ba ne. Tabaran da 'yan talla ke jerawa a kan allo a tasha da ranar kasuwa, daga Sin ake shigo da mafi yawansu, inda garuruwa irin su Wenzhou da Danyang suka shahara da wannan sana'a, sannan a saro su daga kasuwannin Kano. Ina da na'urar gwada UV a wurin aiki, kuma nakan ɗora abin da mutane suka zo da shi. Da yawa daga cikin masu arhar nan suna cin gwajin. Wasu kuma suna faɗuwa, har da masu ɗauke da babban suna na jabu da aka biya ninkin kuɗin maras suna. Wanda ya iya buga tambarin Gucci na ƙarya, buga takardar UV400 ba zai gagare shi ba. Don haka rubutun UV400, wanda ke nufin gilashin yana tare haske har zuwa nanomita 400, shi ne farkon abin da za ka nema, amma kada ka tsaya a kansa.

Idan kana kusa da asibitin ido ko shagon gilashin magani, ka roƙa a gwada maka. Minti ɗaya ne. Idan babu, ga dabara. 'Yar tocilan nan mai shuɗin haske da masu POS da 'yan canji ke duba jabun kuɗi da ita, UV take fitarwa. Haska ta a kan takardar naira har alamomin ɓoye su yi ƙyalli, sannan ka sa gilashin tsakanin tocilan da kuɗin. In ƙyallin ya ɓace ko ya dushe sosai, gilashin yana aiki. In yana nan daram, mayar wa mai talla kayansa. Wannan gwajin bai kai na na'ura ba, amma ya fi rantsuwar mai sayarwa.

Akwai kuma aibin da ya fi yawa a tabarau masu arha fiye da rashin tare UV, shi ne murɗa gani. Riƙe tabaran nesa da fuskarka, rufe ido ɗaya, ka kalli wani miƙaƙƙen layi, kamar gefen ƙofa ko turken lantarki, sannan ka motsa shi a hankali sama da ƙasa, hagu da dama. Idan layin yana lanƙwashewa, wannan ne zai riƙa sa maka ciwon kai da jiri, ka zo kana ce mini idonka ya lalace. Ka kuma duba cikin hannun firam: wasu suna da lambar duhu daga 0 zuwa 4. Lamba 3 ita ce daidai da ranarmu. Lamba 4 ba a tuƙi da ita ko da tsakar rana.

Ɗan acaɓa ya nemi mai faɗi, mai lanƙwasa da ya rufe gefen ido, domin ƙura da ƙwari da hasken gefe ta nan suke shiga. Siririn nan na gayu da ke zaune a karan hanci ba ya yi masa komai. Kuma ya ajiye fari na dare. Ina ganin masu ratsa dajin Falgore bayan magariba da baƙin gilashi a fuska wai don ƙwari. Ramin da ba ka gani ba ya fi ƙwaro haɗari. Masunta da masu kwale-kwale a madatsar Tiga su ne kaɗai zan ce su ƙara kuɗi kaɗan su nemi mai rubutun Polarized, domin shi ne ke yanke ƙyallin da ke tasowa daga ruwa. Gane na gaske ba wuya: kalli fuskar wayarka ta cikinsa kana juya shi, za ka ga ta yi duhu a wani gefe. Sai dai wannan maganin ƙyalli ne kawai, tare UV aiki ne daban.

Manomi kuwa yana da abin da ya riga Luxottica zuwa duniya: malfa. Hula mai faɗin baki tana rage kusan rabin UV da ke isa ido. Baban da ya ce mini, "Yaro, ni da gemuna ba zan sa wannan abin ba," ba na jayayya da shi, nakan ce, "To Baba, kada dai malfa ta bar kanka." Amma lokacin casar shinkafa a Tudun Wada da sussukar masara, malfa ba ta isa ba. Ƙaiƙayi ko ganyen shinkafa ya karci baƙin ido, a raina shi, bayan kwana kaɗan ya zama gyambo, ya bar farin tabo na har abada. Farin tabaran kariya na roba, irin wanda ake samu wurin masu kayan gini, shi ne maganin wannan, kuma shi ne ya kamata masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai a Riruwai su sa. Zabiya da wanda aka yi wa aikin yana, su kam baƙin tabarau wajibi ne a kansu, kada kunya ta hana.

Masu walda ne suka fi tayar mini da hankali. A kusan kowane gari a kan titin Kano zuwa Zariya za ka ga yaro tsugune yana walda da baƙin gilashin talla, wani ma ido kawai yake kannewa. Wutar waldar lantarki tana fitar da UV mai ƙarfin da ke ƙona fatar baƙin ido cikin ɗan lokaci. Ba a jin komai nan take. Sai dare ya yi, bayan awa shida zuwa goma sha biyu, mutum ya farka kamar an zuba masa yashi, hawaye na zuba, ba ya iya kallon fitila. Babu tabaran rana, ko na dala ɗari biyar ne, da aka yi don wannan. Abin da ake bukata shi ne garkuwar fuska ta walda mai gilashi lamba 10 zuwa 13, kuma yaron shago da ke riƙe ƙarfe shi ma yana bukatar tasa. Maigida, kuɗinta bai kai abin da kake asara ba idan yaronka ya kwanta kwana biyu.

Idan ƙunar ta riga ta faru, yawanci tana warkewa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Abin da ke makantarwa shi ne abin da ake ɗigawa a tsakiyar daren: ruwan sukari, nonon mace, ruwan albasa, har ruwan batir. Sai kuma maganin ɗigawa mai sitiroyid da ake saya a kemis ba tare da an duba ido ba. Yana kwantar da ja da sauri, shi ya sa ake son sa, amma yana hura wutar gyambo, kuma wanda ya daɗe a kansa yana iya samun hawan jinin ido, cutar da ba ta mayar da ganin da ta ɗauke. A sa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a kan ido a rufe, a sha farasitamol, da safe a je asibiti. Idan akwai farin ɗigo a baƙin ido, ko gani ya ragu, ko ana zargin ɓurɓushin ƙarfe ya maƙale, kada a jira ranar kasuwa: a nufi sashen ido na asibiti mafi kusa, in ya fi ƙarfinsu su tura Kano, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ko asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari, a ranar.