Amsoshin Tambayoyinku: Aminiyata Ta Ci Amanata a Cikin Ikilisiya

TAMBAYA: Baba Fasto, ni 'yar Michika ce, gudun hijirar 2014 ya kawo mu Yola, yanzu muna zaune a Mbamoi. Muna adashe a Zumuntar Mata, uwar adashen kuwa aminiyata ce, tare muka kwana a daji lokacin gudu. Wata goma ina zubi, da kwasata ta zo sai ta ce kuɗin sun shige mata, ga shi da su zan biya kuɗin makarantar yara. Yau wata biyu ban taka coci ba, don ba na iya ganinta tana rera waƙa a gaba. Wata ta ce in zo ta raka ni wurin boka. Kuma ni ce ma'ajin Zumunta, zuciyata tana ce mini in cire nawa daga kuɗin da ke hannuna. Yaya zan yi? Daga wata 'yar'uwa a Mbamoi, Yola.

AMSA: Salama, 'yata. Sannu da wannan ciwo. An cuce ki, kuma ba laifi ba ne ki ji zafi. Da baƙo ne ya yi miki haka, da tuni kin share hawaye kin ci gaba. Abin da ya sa ya tsaya miki a rai shi ne wadda kuka sha ruwan kududdufi ɗaya a daji ce ta yi. Sarki Dauda ya yi irin wannan kuka a Zabura 55, saboda wanda ya juya masa baya abokinsa ne da suke tafiya sujada tare. Ubangijinmu Yesu ma Yahuza, ɗaya daga cikin almajiransa sha biyu, shi ne ya sayar da shi a kan azurfa 30, ya kuma nuna shi da sumba a Getsamani. Don haka kukanki ba baƙo ba ne a kunnen Allah.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki yana ƙarshenta. Kuɗin adashe sun riga sun tafi, yanzu Shaiɗan zuciyarki yake nema. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ta ƙofa uku yake leƙo ki: barin sujada, zuwa wurin boka, da taɓa kuɗin Zumunta.

Bari in fara da kuɗin, don shi ne mafi kusa da hannunki. Kin san Yahuza shi ne ma'ajin almajirai? Bisharar Yohanna sura 12 ta nuna cewa tun kafin azurfa talatin ɗin yana ɗan tsakurar abin da ake sakawa a jaka. Cin amana da ɗan kaɗan yake farawa, tare da hujjar da mutum ke ba kansa. Kuɗin da ke hannunki na gwauraye ne da marasa lafiya da matan da suka zuba naira ɗari-ɗari daga cinikin ƙosai da gyaɗa. Ba su ci miki komai ba. In kika taɓa, kin huce haushin kaza a kan dami, kuma gobe wata za ta rubuto mini irin wasiƙarki, ke ce a ciki.

Boka kuwa zai karɓi ɗan abin da ya rage miki, ya ƙara miki tsoro da gaba. Wanda ya ce zai rama miki ta hanyar duhu, bashin duhu zai ɗora miki.

Barin coci shi ne ya fi kama da gaskiya, shi ya sa ya fi haɗari. Ki tuna ba don aminiyarki aka yi miki baftisma ba. Ke 'yar Michika ce, kin san Rabaran Lawan Andimi na ikilisiyar EYN, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN na ƙaramar hukumarku, wanda 'yan Boko Haram suka sace a farkon Janairun 2020. A bidiyon da suka ɗauka, ga shi a hannun masu bindiga, ya nuna bai karaya ba, domin ya san duk halin da mutum ya shiga yana hannun Allah. Ranar 20 ga watan Janairun suka kashe shi. Bangaskiyar da bindiga ba ta ƙwace daga gare shi ba, kada kuɗin adashe su ƙwace taki.

Ki kuma tuna abin da idonki ya gani a 2014, lokacin da Michika da Mubi suka faɗi, har hedikwatar EYN da ke Kwarhi. Mutane sun kwararo Yola da ƙafafu a kumbure. Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar cocin Saint Theresa a Jimeta, dubbai suka kwana suka ci a can, ba a tambayi ɗarikar kowa ko addininsa ba. A 2021 aka buɗe gidaje 86 a Sangere-Marghi domin waɗanda ba su iya komawa gida ba, har da masallaci domin Musulmin cikinsu. Wannan ma ikilisiya ce. Kada laifin mutum ɗaya ya rufe miki ido daga alherin dubu.

To, me za ki yi da aminiyarki? Gafara ba ta nufin ki yi shiru a kan haƙƙinki. Matiyu sura 18 ta shimfiɗa hanya. Ki same ta ku biyu, a gida, ba a bakin coci ba, ki faɗa mata abin da ta yi miki ba tare da zagi ba. In ba ta ji ba, ki koma da mace ɗaya ko biyu daga masu zubin. In ta ƙi, ki kai wa fasto da dattawan ikilisiya, a rubuta abin da ake binta da yadda za ta riƙa biya, ko da kaɗan-kaɗan ne, a gaban shaidu. Ba dole ba ne ki sake ba ta ajiya. Gafara kyauta ce, amma yarda sai an sake gina ta.

Kada kuma ki yanke mata hukuncin Yahuza tun yanzu. A dare ɗaya Yahuza ya ci amanar Yesu, Bitrus kuma ya yi musunsa sau uku kafin zakara ya yi cara. Dukansu sun yi nadama. Yahuza ya kai tasa wurin waɗanda suka saye shi, ya hallaka. Bitrus ya yi kuka mai zafi ya zauna cikin 'yan'uwa, har Ubangiji ya same shi a bakin teku ya sake danƙa masa kiwon tumakinsa. Wataƙila kunya ce ke cin aminiyarki, tana jiran wanda zai buɗe mata ƙofar tuba.

Saboda haka, 'yata, kafin Lahadi ki kira mata biyu daga shugabannin Zumunta, ku ƙirga kuɗin Zumunta da ke hannunki tare, a rubuta, ki huta da raɗar Shaiɗan. Ranar Lahadi ki ɗaura ɗankwalinki ki riƙe hannun yaranki ki koma sujada, ko da a kujerar baya za ki zauna. Ki riƙe amanarki, Allah da ya fito da ke daga daji ba zai bar ki a Mbamoi ba.