Fushin Iyaye da Zuciyar Yaro

Ya kai mai-karatu, ko ka shiga hanyar Almasihu kwanan nan, ko kuwa kana tambaya a kanta tukuna, ga wata magana wadda ta shafi cikin gidanka. Akwai mutum wanda ya iya riƙe harshensa a kasuwa, ya yi fara'a a majami'a, amma da ya sa ƙafa a zaure sai 'ya'yansa su watse kamar 'yan tsaki sun ga shirwa. Idan haka ya ke a gidanka, kai uba, ko ke uwa, wannan karatu naku ne.

1. Horo dabam, huce haushi dabam

A ce 'yarka ta fasa tulu a hanyar rijiya. Ran da ka ci riba a kasuwa, ka kan ce, ba kome, ki riƙa lura. Ran da mai-binka bashi ya tsare ka a gaban mutane, sai ka ɗauki tsumagiya. Tulu ɗaya ne, laifi kuma ɗaya. Zuciyarka ce ta sāke. Ashe ran nan yarinya ta sha dūka sabili da bashin da ba ita ta ci ba.

Horo domin amfanin yaro a ke yinsa, yana da dalili, yana da iyaka. Huce haushi kuwa domin kanka ne, ba ya tsayawa sai ka gaji. Yaron da a ke renonsa da haushi ba ya koyon rarrabe nagarta da mugunta. Fuskar ubansa ya ke koyon karantawa, ya kuma koyi ƙarya domin ya tsira. Manzo Bulus ya gargaɗi ubanni a kan wannan sau biyu, cikin Afisawa 6:4 da Kolosiyawa 3:21. Ka buɗe ka karanta, za ka ga ya umurce su da reno da horo, ya kuma hana su tsokanar 'ya'yansu har su karai.

2. Abin da fushi ya ke yi cikin jiki

Sa'ad da ka husata, waɗansu 'yan kaluluwa da su ke bisa ƙodarka su kan zuba wani sinadari cikin jini, sunansa adirenalin. Zuciya ta kama bugawa da sauri, numfashi ya gajarta, damatsa su ɗaure. Jiki ya yi shirin faɗa da abokin gāba, ga shi kuwa wanda ya ke tsaye a gabanka ɗan shekara 5 ne. A wannan hali hannunka ya fi yadda ka ke zato nauyi, tunaninka kuma ya ragu. Yunwa, da gajiya, da rashin barci, da giya, duk suna ƙara wa wutar nan itace.

Ga abin da ya fi duka hatsari. Jariri ya kan yawaita kuka wajen mako 6 bayan haihuwa, kukan kuma ya kan ragu wajen wata 3 ko 4. A shekara ta 1971 wani likita a Ingila, Norman Guthkelch, ya nuna jijjiga jariri da ƙarfi ya kan sa jini ya zuba cikin ƙoƙon kansa, gama kansa yana da nauyi, wuyansa kuwa ba shi da ƙarfi tukuna. Ƙarshen wannan ya kan zama makanta, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. Saboda haka idan kuka ya kai ki maƙura, ki miƙa shi ga wata, ko ki kwantar da shi rigingine inda ba zai fāɗi ba, ki fita ki sha iska kaɗan. Kada ki jijjiga shi daɗai.

3. Abin da ya ke bari a zuciyar yaro

Ka duba Sarki Saul cikin 1 Sama'ila sura 20. Kishin Dawuda ne ya cika masa zuciya, amma ɗansa Jonatan ya zage a wurin cin abinci, har ya haɗa da uwarsa, ya kuma jefe shi da māshi. Jonatan ya tashi, bai ci kome ba ran nan. Haushin wani ne ya sauka a kan ɗa, haka kuwa ya ke faruwa cikin gidaje da yawa har wa yau.

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A 1961 wani masani, Albert Bandura, a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya sa ƙananan yara su ga babban mutum yana dukan 'yar tsana. Da aka bar su da ita, da yawa suka dūke ta yadda suka gani, fiye da yaran da ba su gani ba. In ka ga ɗanka yana mārin ƙanensa, ka tambayi kanka inda ya koya.

Daga 1995 zuwa 1997 kuma likitoci a Kalifoniya suka tambayi manya fiye da 17,000 labarin ƙuruciyarsu. Suka tarar waɗanda suka sha wahala iri iri a gida, har da zagi da dūka, su suka fi fama da baƙin ciki mai-tsanani, da shan giya, da ciwon zuciya. Tabon bulala ya kan warke cikin kwanaki, amma yaron da a ke kiransa jaki kullum ya kan gaskata, ya girma da shi. Magana zarar bunu ce.

4. Abin da za ka yi

Na fari, ka san alamun fushinka: zafin fuska, ɗaurewar haƙora, ɗaga murya. Da ka ji su, ka ajiye abin da ke hannunka.

Na biyu, ka jinkirta. Ka ce wa yaron, “Za mu yi magana bayan na ci tuwo.” Ka fita, ka ja numfashi a hankali, ka yi addu'a. Laifin ba zai gudu ba.

Na uku, ka tambaya kafin ka hukunta, kamar yadda Yaƙub 1:19 ya koyar. Ganganci dabam ne da tsautsayi. Ɗan shekara 2 kuma da ya zubar da kunu bai yi maka tawaye ba.

Na huɗu, ka sa horon ya dace da laifin. Wanda ya bar awaki suka shiga gonar maƙwabci, sai ya je ya ba da haƙuri, ya taimaka wajen gyara shinge. Ka tsauta masa ku biyu kaɗai, kada a gaban abokansa. Ka ambaci aikin da ya yi, kada ka zagi halittarsa ko uwarsa.

5. In ka riga ka fāɗi

Za ka fāɗi wata rana, gama fushi ba ya fita cikin mutum dare ɗaya. Kada ka kwana da abin. Ka kira yaron, ka zauna, ka ce, “Ɗana, abin da ka yi ba daidai ba ne, amma zagin da na yi maka shi ma ba daidai ba ne. Ka yafe mini.” Mai-yiwuwa ka ce wannan zubar da girma ne. Ka tuna kai ma kana roƙon gafara wurin Ubanka na sama kowace rana. A wurin wa ɗanka zai koyi tuba, in bai taɓa ganinta a gida ba? Idan kuwa fushinka ya kai ga raunata mutanen gidanka, kada ka ɓoye. Ka faɗa wa dattijon ikilisiya, ka kuma ga likita.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin horo da huce haushi?
2. Don me ba a jijjiga jariri?
3. A wane lokaci na yini ka fi saurin fushi, me kuma za ka yi gobe in lokacin ya zo?
4. Akwai ɗanka wanda ya kamata ka nemi gafararsa yau?

Addu'a

Ya Uba mai-jinkirin fushi, ka riƙe hannuna da harshena cikin gidana, domin 'ya'yana su zo wurina da laifinsu ba tare da tsoro ba, kamar yadda ni ma na ke zuwa wurinka. Amin.