Zaɓen Lokacin Rubuta Jarrabawa Yayin Sauyin Manhaja: Nazari a Kan Jarrabawar PMP

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shirin babbar jarrabawa ya san irin fargabar da kan biyo bayan labarin cewa za a sauya manhaja. Littafin da aka yi wata da watanni ana bita sai a ji ana cewa ya kusa tsufa, daga nan sai shawara ta rabu biyu: a yi hanzari a rubuta kafin sauyin, ko a dakata a fuskanci sabon tsari? A wannan darasi za a ɗauki jarrabawa guda, wato PMP, a bi tarihin sauye-sauyenta domin ɗalibi ya ga yadda ake auna irin wannan shawara.

1.1 Mece ce Jarrabawar PMP?

PMP takardar shaidar ƙwarewa ce a fannin gudanar da ayyuka masu wa'adi, irin su gina gada, kafa masana'anta ko ƙirƙiro sabon tsarin kwamfuta. Cibiyar PMI, wadda aka kafa a Amurka a shekarar 1969, ita ke bayar da ita, kuma an fara jarrabawar a 1984. Ba jarrabawar ɗan koyo ba ce. A ƙa'idar da aka yi aiki da ita daga 2021, mai digiri sai ya nuna ya jagoranci ayyuka na tsawon wata 36, wanda ya tsaya a sakandare kuwa wata 60, sannan kowannensu ya kawo shaidar horo na awa 35.

1.2 Littafi Daban, Manhaja Daban

A nan ne ruɗani ya fi yawa. Cibiyar tana da babban littafin jagora mai suna PMBOK, wanda takan sabunta lokaci-lokaci. Tana kuma da wata 'yar takarda daban da ke zayyana abin da jarrabawa za ta ƙunsa da kason kowane sashe. Wannan takarda ita ce manhaja ta haƙiƙa, daga gare ta ake tsara tambayoyi; littafin ɗaya ne kawai daga cikin madogarai.

Abin da ya faru a 2021 ya isa misali. Sabuwar jarrabawa ta fara aiki ranar 2 ga Janairu, alhali bugu na bakwai na littafin bai fito ba sai bayan watanni a cikin shekarar, kuma fitowarsa ba ta zo da wata sabuwar manhaja ba. Ke nan wanda ya ɗage zamansa yana jiran littafin ya yi jiran da ba shi da amfani.

Shi kuwa sauyin na Janairu ba ƙarami ba ne. Tsohuwar jarrabawa tana da tambayoyi 200 cikin awa 4, an kasa su gida biyar bisa matakan aiki: farawa, tsarawa, aiwatarwa, sa ido da rufewa. Sabuwar ta koma tambayoyi 180 cikin minti 230, a gida uku: sha'anin mutane kashi 42 cikin ɗari, hanyoyin aiki kashi 50, muhallin kasuwanci kashi 8. Bugu da ƙari, kusan rabin tambayoyin sun koma kan salon da ake gudanar da aiki kashi-kashi ana tafe ana gyara, ko wanda ya gauraya shi da tsohon salo na tsara komai tun daga farko. Wanda duk rayuwarsa ta aiki a kan tsohon salon take, wannan sabon karatu ne a gare shi.

1.3 Ma'aunin Yanke Shawara

Abu na farko da za a duba shi ne inda mai nema ya kai a shirinsa, ba abin da ake yayatawa a kan wace jarrabawa ta fi sauƙi ba. Takardar shaidar iri ɗaya ce, ba a rubuta manhajar da mutum ya bi a jikinta. Saboda haka wanda ya ci rabin karatu ko fiye, kuma yana samun sakamako mai gamsarwa a tambayoyin gwaji, babu dalilin da zai sa ya watsar da wahalarsa. Ya rubuta kafin sauyi.

Sai dai akwai tarko a cikin wannan shawara. A tsarin cibiyar, idan an amince da takardun mutum ana ba shi shekara guda, kuma yana iya zama har sau uku a cikinta. A ɗauka wani injiniya ya sami amincewa a watan Satumbar 2020, ya tsayar da zamansa a makon ƙarshe na Disamba. Idan ya ci, falillahil hamdu. Idan kuwa ya faɗi, damarsa biyu da suka rage suna nan, amma a kan sabuwar manhaja zai yi su, domin an rufe tsohuwar ranar 31 ga Disamba. Ga kuɗin sake zama, wanda da dalar Amurka ake ƙayyade shi, ga sayen sababbin littattafai, ga karaya. A ganina, mai son rubutawa kafin sauyi ya bar wa kansa ratar da za ta ishe shi zama na biyu. In ratar ba za ta samu ba, gara tun farko ya karkata ga sabuwar manhaja.

Wanda bai fara karatu ba kuwa, gaggawa ba tasa ba ce. Amma shi ma kada ya yi rububin zama a makonnin farko na sabon tsari, lokacin da littattafan bita da tambayoyin gwaji ba su gama daidaita da shi ba.

Saura batun jita-jita. An fara tsayar da Disambar 2019 a matsayin lokacin wancan sauyi, aka ɗaga zuwa Yulin 2020, sannan annobar korona ta sa aka sake ɗagawa zuwa Janairun 2021. Wanda ya ajiye littafi tun sanarwar farko yana jiran sabon tsari ya yi asarar fiye da shekara guda. Ranar da cibiyar ta bayyana da bakinta kaɗai ake gina lissafi a kai, ita ma a riƙa waiwayarta.

1.4 Aikin Ɗalibi

A ƙarshen 2025 an fitar da bugu na takwas na PMBOK, aka kuma tsayar da watan Yulin 2026 domin fara sabuwar jarrabawa, inda kason muhallin kasuwanci ya tashi daga kashi 8 zuwa 26. A ɗauka wata ma'aikaciya ta sami amincewa a watan Maris na 2026, kuma tana buƙatar wata uku na bita. Rubuta shafi ɗaya kana ba ta shawara, tare da nuna abin da zai same ta idan ba ta yi nasara a zaman farko ba.