Yadda Za Ka Auna Ƙarar Salansar Babur Ko Motarka Da Wayar Hannu

Samari da yawa a Sabon Birni da Isa suna kai babur wajen mai walda a fasa salansa, ko a sa wata mai ƙara, don a ji zuwansu tun daga nesa. Sai dai a yankin da 'yan bindiga ke shiga ƙauyuka a kan babura, ƙarar babur da dare tana tayar wa mutane hankali, kuma tana jawo maka tambayoyi a shingen jami'an tsaro. Ban da haka, Najeriya tana da dokar hana yawan ƙara ta shekarar 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA. A darasinmu na yau za mu ga yadda za ka auna ƙarar salansarka da waya, da yadda za ka rage ta.

Mene ne desibel?

Da desibel ake auna ƙara, ana taƙaita shi da dB. Hira tsakanin mutum biyu tana kai kusan 60. Lissafinsa ba irin na mudu ba ne: ƙarin 10 kawai, kunne zai ji kamar an ninka ƙarar sau biyu. Hukumar NIOSH ta Amurka ta sa iyakar awa 8 a rana ga mai aiki cikin ƙarar 85, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin gida biyu. Ke nan a 94 awa ɗaya ce kacal. Ɗan kabu-kabun da ke wuni a kan babur mai fasasshiyar salansa, kunnensa ne ke fara biyan bashin.

Abin da kake buƙata

Sauke manhajar auna ƙara. Masu iPhone su nemi NIOSH Sound Level Meter, kyauta ce. Masu Android za su samu Decibel X da makamantanta a Play Store. A saitin manhajar ka zaɓi dBA, shi ne ya fi kusa da yadda kunnen mutum ke ji. Ka kuma nemo aboki mai babur irin naka wanda ba a taɓa salansarsa ba.

Yadda ake awon

Wannan tsari ya yi kama da wanda masu gwajin motoci ke bi a ƙasashen Turai.

1. Nemi fili, nesa da bango ko wata mota da aƙalla mita 3, inda babu janareta ko iska mai ƙarfi.
2. Tayar da injin ya yi zafi tukuna.
3. Riƙe wayar rabin mita daga bakin salansa, daidai tsayinsa, amma ta gefe kaɗan, kada hayaƙi ya bugi makirufo. Makirufon yana ƙasan yawancin wayoyi, ka juya shi wajen salansar.
4. Auna kafin a murɗa totur, sannan wani ya murɗa zuwa rabi ya riƙe. Mota mai agogon gudun inji, a tsayar da allurar wajen 3,750 idan mai fetur ce.
5. Maimaita sau uku, ka rubuta lambobin.
6. Auna babur ɗin abokinka da wayar nan, a wurin nan, da nisan nan.

Mataki na shida shi ne mafi muhimmanci. An ƙera makirufon waya ne don muryar mutum, kuma wayoyin Android sun bambanta, wata ma takan daina ƙirga daidai idan ƙara ta yi yawa. Don haka kada ka dogara da lamba ɗaya, ka dubi tazarar da ke tsakanin baburan biyu. Tazarar 2 ko 3 ba abin damuwa ba ce. Idan ta kai 10, naka ya ninka na kamfani a kunnen maƙwabta.

Yadda za ka rage ƙarar

Fara da duba huji ko tsagewa. Baƙin hayaƙi a jikin bututu alama ce ta inda yake zuba, mai walda zai toshe shi. Sa makaniki ya duba mahaɗar salansa da inji, domin kusoshin wurin kan kwance a hanya mai gargada. Idan an cire ƙarfen cikin salansa mai rage ƙara, a mayar da shi. Kada ka cusa tsumma ko soson ƙarfe, suna iya toshe hayaƙi ko su kama da wuta. Idan duk wannan bai yi ba, ka koma salansar asali.

Masu cewa fasa salansa yana ƙara gudu su sani cewa a ƙaramin inji irin na Boxer, ƙara ce ta fi ƙaruwa. Bayan gyara ka sake awo, ka ɗauki hoton allon wayar kafin da bayan aikin, don ka tabbatar kuɗin da ka ba makaniki ya yi amfani.